Sun Ce Gadona Ya Yi

Binta 'yata,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa. Tun rasuwarki gidanmu na Ɗan Agundi daga ni sai rediyo, ita ma alkawuran 'yan siyasa kawai take yi tun da soja suka koma bariki.

Maganar ɗanki Nasiru ce. Sun daina yi masa allurar tsawo. Ke kika yi ta zaryar asibiti har likita ya gano jikinsa ba ya samar da sinadarin da ke sa yaro girma. Ke kike kai maganin firjin mai ƙanƙara in an ɗauke wuta, kina yi masa kullum, har wandonsa ya fara ɗagewa. Ana gama sadakar arba'in ɗinki yayan mijinki ya tara mu a zaure, ya ce tsawo na Allah ne, kuma ya ji allurar tana hana haihuwa. Sannan ya nuna ni yana dariya, wai gado ne, ga kakansa nan guntu, me gajarta ta rage masa?

Me ta rage min? Ban taɓa gaya miki ba. Duk shekarun da na yi ina koyarwa, Malam Ɗan Tsurut yara ke kirana in na juya baya. Ina da aure aka taɓa janye ni daga sahun gaba a masallaci, an ɗauka yaro ne. Kin saba ganin ina dariya, kin ɗauka ba ya min ciwo.

Ɗa na gidan ubansa ne, kakan wajen uwa addu'a ce tasa. Duk da haka na dogara sanda na koma na roƙe su. Aka ba ni ruwa, aka rako ni bakin lungu. Mijinki kansa a sunkuye.

Nasiru ya daina zuwa ƙwallo. Sa'anninsa ɗaga shi suke yi sama kamar jariri. Da in na tsokane shi da wasan kaka da jika sai ya rama, yanzu sai ya kalli ƙasa.

Likita ya ce in ya balaga ƙashi ya rufe, allura ba za ta ƙara komai ba. Jiya Nasiru ya zo gaishe ni, Binta. Muryarsa ta fara buɗewa.

Allah ya haskaka kabarinki. Ki huta, ke kin yi naki.

Babanki,
Garba