Giyar Tsakiya Ta Zubar da Haƙora

Daren Talata, a garin Isa

Yau ma robot ɗinmu na gasar makaranta bai hau tudu ba. Tun hutu nike zanen akwatin giyar nan, na tsinto giyoyin roba daga tsohuwar firinta, na jera su don inji ya rage gudu ya ƙara ƙarfi. Bisa siminti lafiya lau yake tafiya. Da muka aza mishi bulo ya fara hawan katako irin na ranar gasa, sai tayu suka tsaya cik. Na buɗe na tarar giyar tsakiya ta zubar da haƙoranta.

Bashar, abokin aikina, ko leƙawa bai yi ba ya ce, "Nana, ai na gaya miki roba ba ta ɗaukar kaya." Wallahi bai taɓa gaya mini ba, shi gudu kawai yake so.

Malam ya ce in giyar ba ta tashi ba zuwa Alhamis, za a sayo haɗaɗɗiya daga Sakkwato a aje tawa. Cikin lallami ya faɗa, shi ya sa abin ya fi yi mini zafi.

Na sake bin lissafina, daidai yake. Ƙarfe kawai nike bukata, kuma injin taliyar Inna cike yake da giyoyin ƙarfe. Na roƙe ta, ta ce, "In kika kwance shi, ke za ki murza taliyar salla da hannu."

Na ce na ji. Gobe za ni kwance shi.