Kowa Ya Ji, Ban da Malam

Nafplio, ranar Talata

Zuwa ga matata Froso,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar? Ki riƙa shafa man safe da yamma, ba sai ta tashi ba. Ki gaishe da ƙanwarki, ki ce ta daina ba tumatirina ruwa da tsakar rana.

Bayan haka, mun iso lafiya. 'Yarki Danai tana tuƙi kamar ubanta, tana gardama kamar uwarta. Yau a kufan tsohon birnin Mikines muka wuni. Na tsaya a Ƙofar Zakuna na dafa dutsen, sai na ga kamar jiya ne nake gaban ɗalibaina ina hana su hawa bango. Rabona da wurin tun kafin in yi ritaya. Zakunan suna nan yadda na bar su, har yanzu ba kai, kuma abin bai dame su ba.

Abu biyu ne suka canza. Masu yi wa baƙi bayani yanzu a ciki suke magana. Wata yarinya ta tara Jamusawa a bakin kabarin sarakuna tana ta motsa leɓe kamar mai addu'a. Na matsa in taimaka mata, Danai ta janye ni, wai ihu nake yi. Sannan gyare ya ƙare a ƙasar nan. Kin tuna yadda suke cika itatuwa da kuka in rana ta take? Yanzu tsit. Na ce wa Danai maganin feshin manoma ne ya kashe su. Ta dube ni ta girgiza kai.

Na ga abin da kika cusa a cikin safata, na'urar kunnen nan da likita ya ba ni. Froso, mun gama wannan magana tun a gida. Kunnena lafiya lau, mutane ne suka daina buɗe baki. Ba zan yi yawo a gaban kakannina da waya a kunne kamar ɗan sandan ciki ba. Na miƙa wa Danai ta ajiye.

Naki har kullum,
Lambros

Nafplio, ranar Alhamis

Froso tawa,

Ina gaisuwa, ina fatan gida lafiya. Gara ki ji wannan daga bakina kafin 'yarki ta bugo miki waya ta ƙara gishiri. Jiya muna fitowa daga ganuwar Tirins wani mai babur ya goge ni. Gwiwar hannu ce kawai ta ɗan kurje. Ni dai ban ji hon ba, amma Danai ta rantse tun daga nesa yake dannawa. Ta zauna a bakin titi ta yi kuka, ta ce, “Baba, so kake sai an kira ni daga asibiti?” Kukan nan ya fi babur ɗin yi mini ciwo.

Ita ma ban gane mata ba kwana biyu. An kawo mana gasasshen kifi, ta ture. Giya ko kurɓa ba ta yi ba. Matakalar tsohon sansanin garin nan, ni da tsufana na kai ƙarshe, ita tun a rabi ta zauna. Yaran yanzu ba su da ƙashi.

Jikanmu Vasilis ya aiko in sayo masa takobin katako. Kin san ina ƙaunar yaron nan. Kuma ban taɓa cewa komai ba da aka sa masa sunan mahaifin Tanasis, mijin Danai, ɗan fari na dangin miji ne, haka aka yi mana mu ma. Sai dai duk dutsen da na karanta a tafiyar nan, wane ɗan wane ne, jikan wane. Mu Allah ya ba mu mace ɗaya, na gode masa. Amma ni sunan kakana nake ɗauke da shi, shi ma na nasa kakan, kuma da alama a kaina zai tsaya.

Mun yi yarjejeniya da Danai. Gobe za mu Epidavros, inda tsohon dandalin wasan kwaikwayon nan na mutanen da yake. Zan hau layin ƙarshe na dandalin wasan, ita ta tsaya a kan dutsen tsakiya ta saki kwabo, yadda nake yi wa ɗalibai. A can ko takarda aka yaga sai na sama ya ji. In na ji, na'urar ta tafi teku. In ban ji ba, zan sa. Ki fara yi mata ban kwana.

Mijinki,
Lambros

Nafplio, ranar Asabar

Zuwa ga Froso, uwar Danai,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba zan tambaye ki ko kin san labarin ba, na tabbata da ke aka ƙulla.

Mun shiga da hantsi. Dandalin cike yake, baƙi daga ko'ina, ga kuma wasu matan coci mota guda daga tsibirin Kriti, sun mamaye layin sama da jakunkunansu. Na zauna a tsakiyarsu. Danai ta hau dutsen, daga can sama 'yar mitsitsiya. Ta ɗaga hannu ta saki kwabon. Na ga lokacin da ta buɗe yatsu, sai na ɗaga hannuna na ce na ji. Ban ji komai ba, Froso. Idona ne ya yi aikin.

Na zaci an gama, amma ba ta sauka daga dutsen ba. Ta gyara tsayuwa, ta ɗago kai ta dubi inda nake, leɓenta suka motsa. Gajeruwar magana ce. Sai na ga dandalin gaba ɗaya ya ɗauki tafi, mutane suna waiwayowa suna neman wani. Ni ma na tafa, don kada a bar ni a baya. Na ɗauka wani baitin waƙar mutanen da ta karanto.

Matar da ke kusa da ni, wata ƙatuwa mai baƙaƙen kaya, ta kama kafaɗata ta girgiza. Ta sa baki a kunnena ta ce, “Kai ne uban? To me kake tafa wa kamar baƙo? Dattijo, a gida ka baro kunnen?” Na ce me aka ce. Ta ce, “Cewa ta yi, Baba, ciki gare ni, namiji ne, sunansa Lambros! Allah ya raya!” Ta sumbace ni a kumatu biyu, ƙawayenta suka bi layi.

Froso, har Jamusawa an fassara musu kafin ni in ji. Wurin da na yi shekara da shekaru ina cika baki cewa ko raɗa ba ta ɓuya, a nan aka kira sunana, kowa ya ji, ban da ni. Na ji kunya, amma baƙin cikin ya fi kunyar yawa. Na tuna yaron nan zai zo ya ce kaka, ni kuwa in tsaya ina kallon bakinsa.

Danai ta hawo a hankali, tana hutawa. Na miƙa mata hannu. Ashe na'urar tana jakarta. Ita ta maƙala mini. Na ce ta maimaita a nan, ba sai ta sake sauka ba. Ta ce a'a, Malam ne ya koya mata cewa a nan daga kan dutse ake magana. Ta sauka, matan Kriti suka tsawata wa kowa ya yi shiru, ta sake faɗa. Na ji, har 'yar rawar da muryarta ta yi a kan sunan.

Gyaren suna nan, Froso. Ba su je ko'ina ba, tun jiya suka hana ni sakat. Jibi za mu taso. Ki tattaro mini duk maganganun da kika yi ta yi a shekarun nan ina gyaɗa miki kai. Ina so in ji su, har da faɗan.

Naki,
Lambros babba