Ƙwayar da Ban Sayo Ba

Alhamis da dare, Jega

Wata bakwai ke nan da anka yi ma matata Rabi aiki wurin haihuwa. Likita ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu. Allurarta ta tazarar haihuwa ta ƙare, ba mu lura ba sai safiyar Asabar, bayan mun kwana tare.

Ta ce, "Alhaji, sayo mani ƙwayar gaggawar nan ta hana ɗaukar ciki yau."

Na shiga kyamis, na iske mutanen da ke rusuna mani a kasuwar albasa. Sai na sayi maganin mura na fito. Na ce bari in tai Birnin Kebbi inda ba a san ni ba, sai lodin albasa a Aliero ya riƙe ni.

Yau munka tai asibiti, ungozoma ta ce cikin kwana uku ƙwayar ta fi aiki, iyakarta biyar, mu kuwa mun kai shida. Sai gwajin ciki bayan sati uku.

A mota Rabi ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Da ka ce mani kunya kake ji, da na sa hijabina na tai da kaina."

Har munka iso gida ban iya duban ta ba.