Ɗaga Hannunka, Bello

Assalamu alaikum, ƙanena Bello. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce yayarka Dije. Wayarka ba ta shiga tun ranar Asabar, shi ya sa nake rubuto maka a nan shafin sada zumunta, a bainar jama'a, ko wani na kusa da kai a Faransa ya karanta maka.

Mun kalli wasanka a wayar maigidana. Na ga ka rungume ƙwallon ka sheƙa, ƙattai biyu sunka tare ka, ɗaya a ƙugu, ɗaya a wuya. Sunka miƙe, kai ba ka miƙe ba. Anka shigo da gadon ɗaukar majinyata, sai sabis ya ɗauke. Wallahi saura kaɗan in rotsa wayar da ƙasa.

Ka tuna sadda bijimin Baffa ya maka ka da ƙasa a fadamar Shinaka? Inna ta taho a guje, ƙwaryar nononta ta kife. Da ka farfaɗo ta murɗe maka kunne ta ce, "Duk sadda ka faɗi, ɗaga min hannu in san kana da rai, sannan ka yi kukanka."

Kai da taurin kai! Ran allurar shanu kai ke kayar da maruƙa, har malamin wasanninku na Wurno ya gani, ya ce wasan ƙwallon zari-ruga ya dace da kai. Baffa ya ce, "Wanga abu kokawa ce ko ƙwallo?" Inna kuwa ba ta bari ka tafi Legas ba sai da ka yi mata alkawarin hannun nan. Tun daga nan, duk faɗuwa sai ka ɗaga. Turawa na zaton 'yan kallo kake gaidawa.

Jiya na hau mashin har Goronyo neman sabis. Na maimaita bidiyon har idanuna sunka yi ja. Hannunka na kwance a ciyawa, Bello. Tsoro nake ji.

Inna ba ta sani ba. Ɗazu ta ce, "Mi ya hana yaron ga kira?" Na ce aiki ne. Ta daɗe tana kallona, ta ture tuwonta. Gobe ba ni da abin da zan ce mata.

Allah ya tashi kafaɗunka, ya tsare maka wuyanka, ya maido mana kai. In magana ta yi maka nauyi, ka bar ta. A ɗauki hoton hannunka a sama, in kai wa Inna.

Taka,
Yaya Dije