A Mayar Mana da Gurbin Bayani Cikin Saƙon Ruwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ya haɗa rumbun bayanan ƙungiyarmu ta manoman fadama da intanet,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, na zaɓi in rubuto maka a fili ne saboda sau biyu ina aika saƙo ta hannun injiniyanku ban ji amsa ba, ga shi kuma damina ta sake kamawa.

Sunana Idi, amma daga Haɗeja har ƙauyukan Kirikasamma, Mai Sanda ake kirana. Sandar kuwa ta awon ruwa ce, wadda aka kafa a bakin kogi da zane ja da fari a jikinta. Na fara karanta ta ina saurayi, yau ga furfura ta gama kaina. A wancan lokaci, da na idar da sallar asuba sai in hau kekena in gangara mashigi, in duba inda ruwa ya kai, in rubuta a wani babban littafi mai baƙin bango. Gurbi huɗu ne a kowane shafi: rana, wuri, tsayin ruwa, sai bayani.

Wannan gurbi na huɗu shi ne aikin. A nan nake rubuta cewa ruwan ya yi ja, ko ya fara ɗauko itace daga sama, ko masunta sun ce tarwaɗa ta soma shiga fadama. A nan nake rubuta inda kachalla ta toshe bakin rafi, wannan doguwar ciyawa da ta cinye mana hanyoyin ruwa. Kafin in dawo gari, manoma sun taru a gindin goruba suna jirana, mata masu banda suna leƙowa daga cikin hayaƙi. Ba wanda ya taɓa tambayata lamba. Abin da suke cewa shi ne, “Mai Sanda, mu ƙara jinga ko mu bari?” Jinga ita ce tudun ƙasar da muke yi tsakanin ruwa da shinkafa. Ni kuma in faɗa musu abin da idona ya gani. Wata rana in koma gida da bandar kifi a ɗaure a bayan keke, wata rana da ƙwaryar nono daga Fulanin da na gaya wa kada su tsallaka da shanu.

Ba na ƙin sabon abu. Da ƙungiya ta sayi kwamfuta, sakatariyarmu Malama Hajara ce ta zaunar da ni ta koya mini bugawa da yatsa biyu, tana dariya ina dariya. Ita ta tsara mana rumbun bayanai mai jadawali uku masu alaƙa da juna: na awon ruwa, na sunayen wurare, da na manoma da lambobin wayarsu. Gurbin bayani ta bar mini shi yadda yake. Da kuka zo kuka haɗa wannan rumbu da manhajarku ta intanet, wadda kuke kira girgije, na yi murna har zuciyata. Da zarar awo ya shiga rumbu sai manhajar ta ɗauke shi kai tsaye ta tura wayoyin mutane. Saƙo ya isa Birniwa da Kaugama ni ko takalmi ban sa ba. Na gode muku a kan wannan, kuma ba zan janye godiyata ba.

Ga kukana.

1. Ranar da ake zaɓen guraben da za a haɗa da manhajar, ina zaune a ɗakin. An ɗauki rana, an ɗauki wuri, an ɗauki tsayin ruwa. Aka bar bayani. Na ɗaga hannu na tambaya, injiniyanku ya ce rubutu ne ba lamba ba, manhajar ba ta san abin da za ta yi da shi ba, amma daga baya za a gyara. Na ɗauka an gyara. Ba wanda ya dawo ya ce mini ba a gyara ba.

A daminar bara, lokacin da shinkafa ta yi ciki, na ga kachalla ta rufe bakin rafin da ke sama da sandarmu. Ruwa ya rasa hanya, ya fara juyawa gefen fadamar gabas. A jikin sanda kuwa tsayinsa bai canja ba. Kwana uku a jere ina buga wannan a gurbin bayani, har da cewa a ƙara jinga a gabas cikin gaggawa. Kwana ukun nan kuma saƙon da ke shiga wayoyi yana cewa ruwa yana nan daidai.

Malam Audu abokina ne tun muna yara muna iyo a kogin nan, gonarsa ce ta farko a fadamar gabas. Ya duba wayarsa, ya ga daidai, ya tafi kasuwa. A rana ta huɗu ruwa ya fasa jingarsa da ta maƙwabtansa. Da na je, sai na tarar da shi tsaye cikin ruwa har ƙugu, yana laluben kan shinkafa da hannu. Da na gaya masa abin da na buga, bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, “Idi, ashe ka gani ka yi shiru?”

Ranka ya daɗe, ba zan ɗora muku laifin duka ba. Da a dā ne, da ƙafata zan je in buga masa ƙofa. Gwiwoyina sun gaji, kuma na sakankance cewa abin da na buga ya riga ni isa. Nawa laifin ke nan, kuma na roƙi gafararsa. Naku shi ne kun bar ni ina magana a inda ba mai ji, ba ku sanar da ni ba.

2. Saƙonku ba ya kiran wuri da sunansa. Yana cewa tasha ta biyu, tasha ta biyar. Malama Hajara ta nuna mini dalili: manhajar tana ɗauko lambar wuri daga jadawalin awo, amma ba a haɗa ta da jadawalin sunaye ba, alhali yana nan kusa da shi cikin rumbu ɗaya. Mu nan Mashigin Shanu muka sani, da Rafin Bulama, da Gindin Giginya. Kakanninmu suka raɗa waɗannan sunaye, kuma kowanne yana gaya maka abin da za ka tarar a wurin. Tsohuwar da ke da ɗan fegin shinkafa, in an karanta mata tasha ta biyar, ina za ta duba?

3. Tsofaffin littattafaina suna jibge a ɗakin ajiyar ƙungiya. Laima ta kama wasu, gara ta fara cin na ƙasa. A cikinsu akwai shekarun da ruwa ya shiga gari da shekarun da kogi ya ƙafe har yara suka yi wasa a tsakiyarsa, da alamomin da suka riga kowanne zuwa. Kun ce manhajarku da bayanan yanzu take aiki. Na ji. Amma wanda bai san yadda kogin nan ya yi jiya ba, lambar yau kaɗan za ta gaya masa. Rubutuna kuwa ba kowa ke iya karanta shi ba, wani wurin boko ne, wani wurin ajami, ga idona kullum ƙara rauni yake yi.

Saboda haka ina roƙonka abu uku. A haɗa gurbin bayani da manhajar, ya tafi wayoyi yadda aka buga shi, ko da manhajar ba ta gane shi ba, mutane za su gane. A haɗa jadawalin sunaye, kowane wuri ya fito da sunansa. A kuma turo wanda zai zauna da ni da Malama Hajara mu shigar da littattafan nan cikin rumbu, ni ina karantawa yana bugawa. Ba na neman lada a kai. In kuwa akwai abin da ba zai yiwu ba, a faɗa mana a fili, mu san abin da za mu dogara da shi da wanda ba za mu dogara ba.

Malam Audu ya sake shuka a bana, da irin da surukinsa ya ba shi. Muna gaisawa a masallaci, amma hirar ba ta yin tsawo kamar dā. Shekaran jiya na hango shi a kan jingarsa, ya ciro waya daga aljihu ya kai ta kusa da ido yana karantawa. Har yanzu ya yarda da ita. Ina roƙonka don Allah kada a sake ba shi rabin labari.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya yi wa aikinka albarka, ya sa ka gama da duniya lafiya. Mu kuma Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gonakinmu.

Wassalam.

Naka,
Idi Mai Sanda,
Haɗeja.