Ƙafar Yaya Rabi

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, yaya aiki, yaya zaman Abidjan? Ina fata Zinatu da yara suna lafiya. Mu nan Alela sai godiya, amma labarina ba mai daɗi ba ne.

An yanke wa Yaya Rabi ƙafar dama. Ƙaya ce ta soke ta a gona, mikin ya ƙi warkewa har ya fara wari. Da muka kai ta asibiti a Konni, likita ya ce ciwon suga ne ya daɗe yana cin ta. Ya tambayi cimarta, na gaya masa fanke take toyawa a kasuwa, wanda ya yi kwantai shi ne abincinta, sai shayi mai zaƙi. Ya ce ko ɓeraye aka ɗora wa maiƙo da zaƙi kullum, jikinsu kan kasa sarrafa suga. Ta dube shi ta ce, "Likita, su ɓerayen suna da wani abincin ne suka ƙi?"

Yanzu tana gida, ba ta son magana. Jiya ta ce in ba maƙwabciya kaskonta.

Don Allah kai ma je a auna ka, an ce ciwon yana bin dangi. Ka sa ta a addu'a, kuma ka kira ta, kai kaɗai take tambaya. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Hadiza