Motar Baban Balki

Asabar, 18 ga Nuwamba, 2023

Yau muka kai motar gareji. Alhaji Mahamadou ne ya tuƙa, ni ina baya kamar fasinjar da aka ɗauko daga filin jirgin JFK. Shi da maigidana, Baban Balki, tare suka baro Maraɗi, tare suka fara tasi a garin nan, kafin shi ya bari ya buɗe shago a Fordham Road. Ya ce garejin bayan gidansa ba komai sai kwalaye, a saka ta ciki har mai ita ya tashi.

Ba zan iya da ita a bakin titi ba. Motar shara za ta zo a ce a matsa, ni ina shagon kitso, Balki tana makaranta, ita ko permin tuƙi ba ta da shi.

Sati biyu ke nan da abin ya sami Baban Balki. Yana zaune cikinta a filin da direbobi ke jiran fasinja. Wani direba ɗan Ghana ne ya ga layi ya motsa, shi bai motsa ba. Hawan jini, in ji likita. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi.

Alhaji ya cika tanki, ya ƙara wa tayoyi iska. Ya ce kar a ja birkin hannu, in ta daɗe a tsaye kamawa yake, sai ya sa bulo a bayan taya. Da zai rufa mata tampol na juya baya. Ban so ganin ana lulluɓe wani abu nasa ba.

Talata, 21 ga Nuwamba

Ya yi magana. Kalma guda: "Mota." Ba sunana Nafi ya kira ba, ba na Balki ba. Na yi dariya a gabansa, kukan sai a cikin lif ɗin asibiti.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Jiya yana ta murɗa hannun hagu a iska, na ɗauka ciwo yake. Balki ce ta gane, makulli yake nufi, a riƙa tada motar.

Na je gareji bayan azahar. Alhaji ya ce, "Maman Balki, ƙofa za ki fara buɗewa, duk sanyi. Hayaƙin nan ba ya sallama." Ya tafi ya bar ni.

Cikinta ƙamshin turarensa da na goro. Ina murɗa makulli ta tashi, karatun Alƙur'anin da yake saurare ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na kashe karatun, Allah ya yafe mani. Na zauna har allurar zafi ta ɗaga, yatsuna suka sake.

Lahadi, 10 ga Disamba

An mai da shi wurin da ake gasa masu ƙashi ana koya masu tafiya. Mun samo dabara: ni ina gareji, Balki tana gefen gadonsa, in kira, ta kara masa waya a kunne, in tada inji. Ta ce rufe ido yake yi, ya karkata kai irin yadda yake yi in mota ta yi wani kukan da bai sani ba. Yau na ji shi ta waya, muryar kamar da tuwo a baki: "Totur. Kaɗan." Na taka kaɗan.

Tun da ya kwanta ba mu yi hira mai tsawon wannan ba.

Alhamis, 21 ga Disamba

Likitar ta zaunar da mu. Tana magana, Balki tana juya mani, amma na gane tun kafin ta juya. Zai yi tafiya da sanda in Allah ya so. Magana za ta ƙaru. Ƙafar dama ba za ta dawo yadda za a ba shi hanya ba, kuma idon dama ba ya ganin gefe. Tuƙi ya ƙare.

Da muka koma ɗaki ya kafe ni da ido. Na gyara masa bargo na ce, "Ta ce in sanyi ya wuce." Balki ta ɗauki jaka ta fita.

Lahadi, 31 ga Disamba

Na tada ta. Ta tashi. Ba wani labari.

Talata, 16 ga Janairu, 2024

Ƙanƙara ta sauka, an barbaɗe titi da gishiri. Da yana lafiya da yau yana can wurin wanki, yana mitar gishiri na cin ƙarfen mota ta ƙasa. Ni da nake cewa ya fi kula da cikin motar nan a kan nawa. Kai uku na yi yau a shago, kafaɗata kamar ba tawa ba.

Lahadi, 21 ga Janairu

Ba ta tashi ba.

Na murɗa, sai ƙas-ƙas-ƙas. Na sake, haka. Waya tana kunnensa. Na ce wa Balki ta gaya masa layi ne ba kyau, na katse. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a kan sitiyari, wai shi zan ce wa layi ne.

Alhaji ya kawo motarsa ya jona mata waya ta tashi. Yana naɗe wayar bai kalle ni ba, ya ce tuni yake son gaya mani, nauyi ya ji. Wannan ɗumamawar da nake yi a tsaye, abin da take ci a batir ya fi abin da take mayarwa. Inji bai gama zafi ba nake kashewa, ruwa na taruwa a salansa. Ya nuna mani, ga shi kuwa yana ɗiga.

"Ko dai mu cire mata batir ta yi barcinta, ko a riƙa fita da ita ta zaga. Mota ba don tsayuwa aka yi ta ba."

Ya ƙara da cewa akwai wani Tajuddeen, ɗan Kano, yana neman irinta don ya fara aiki. Na ce mai ita yana da rai. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, Maman Balki, ba haka nake nufi ba." Na san ba haka yake nufi ba. Ko godiya ban yi masa ba. Gobe in aika masa da fura.

Wata biyu ina cutar da ita, ina ganin jinya nake.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Mun yi faɗa da Balki, ita da Turanci, ni da Hausa. Ta ce ta gaji da riƙe waya. Ta ce kullum yana tambayarta wane wata ake ciki, yana lissafin ranar da sanyi zai wuce. "Ni ma ubana ne, Mama." Wannan da Hausa ta faɗa.

Na ce mata in an cire masa motar nan, da me zai tashi ya kama sandar? Ta shige ɗaki. Ni ma ban san ko don shi nake ɓoyewa ba.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Alhaji ya fita da motar sau biyu, amma Lahadi ranar cinikinsa ce, ina ganin yadda yake duba agogo. Yau ya miƙo mani makulli ya ce, "Ba kina da permi ba?"

Ina da shi. Baban Balki ne ya matsa na yi, tun Balki tana firamare. Amma koyarwarsa tsawa ce. Madubi! Birki! Ke ba ki gani ne? Ranar da aka ba ni katin na sa shi a jaka na ce ni da sitiyari har abada. Sabuntawa kawai yake kai ni.

Na jawo kujera gaba. Na fito da ita daga gareji har bakin titi, na mayar. Gumi har cikin safa. Da na gama na tura kujerar baya yadda yake barinta, kamar wadda ta yi sata.

Lahadi, 10 ga Maris

Mun zaga unguwa, Balki a gefena. Wani ya yi mani oda a bayan danja, ban mutu ba. Gobe azumi.

Juma'a, 15 ga Maris

An sallamo shi. Ya hau benen gidanmu da sanda, Alhaji a bayansa, ya huta a kowane hawa. An hana shi azumi saboda magani. Da aka sha ruwa na ajiye masa kunu, ya ture kofin da bayan hannu, ya juya fuska ga bango. Na goge. Mutumin da ko yana hanyar filin jirgi bai taɓa ajiye azumi ba.

Lahadi, 24 ga Maris

Tun safe ya sa hula ya zauna bakin gado. "Gareji." Na ce akwai iska. Ya ce, "Gareji." Na kira Alhaji.

Da muka isa, Baban Balki da kansa ya ja tampol ɗin da hannun hagu. Ya zaga ta yana dogara sanda, ya taɓa taya da bakinta, ya duba ƙasa inda mai zai ɗiga. Muka taimaka ya zauna a mazauninsa. Ya sa hannun hagu ya ɗago ƙafar dama ya ɗora a kan birki. Ta zame. Ya sake ɗagowa, ta sake zamewa. Alhaji ya ce bari ya duba shago, ya fita.

Ya daɗe yana kallon bangon gareji ta gilashi.

"Nafi. Tun yaushe?"

Na ce tun Disamba.

"Na sani," in ji shi. "Ƙafata ce."

Na ce ya yafe mani. Ya girgiza kai, ban san ko a'a yake nufi ko ba komai. Ya zare makullin ya ajiye mani a tafin hannu ya ce, "Sayar." Ko tada ta bai yi ba.

Bai ci abinci ba yau. Ni ma dabino kawai na ci.

Talata, 26 ga Maris

Tajuddeen ya kira. Hannuna yana cikin kan wata, ban ɗauka ba. Da na gama ma ban kira ba.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. Bai je idi ba, ya ce ba ya son a yi ta yi masa sannu. Abokan aikinsa sun zo, suna ta labarin layi da fasinjoji, sai suka lura suka yi shiru. Shirun ya fi labarin ciwo.

Talata, 16 ga Afrilu

Motar da ke kai shi gashin ƙashi ba ta zo ba. Mun tsaya a ƙofa har ƙafarsa ta fara rawa. Na zaunar da shi a matakala na ce ina zuwa. Ba shawara na yi ba, kawai ban so ya rasa na yau ba.

Da na tsaya da motarsa a gabansa ya kalle ta, ya kalle ni. Na ɗauka zai koma ciki. Ya miƙe ya nufo ƙofar direba, sai ya tsaya, ya zaga ta gaba a hankali ya buɗe ɗayar. Tun da na bar koyon tuƙi ban sake ganinsa a wannan kujerar ba. Ya kasa jawo bel ɗin kujera, na jawo masa.

Ina jiran tsawa har muka hau Fordham Road. Bas a gaba, masu babur ta ko'ina. Hannunsa na hagu yana kan gwiwarsa, yatsun suna motsi. Sau ɗaya ya ce, "Bar shi ya wuce." Na bar shi ya wuce.

A dawowa gashin ya gajiyar da shi. Kafin mu kai rabin hanya kansa ya jingina da gilashi, baki a buɗe. Shi da yake cewa direba ba ya iya barci a motar wani.

Zan kira Tajuddeen, ba na ce ba zan kira ba. Sai dai akwai gashi ranar Alhamis, akwai na sati mai zuwa.

Da muka shigo layinmu akwai wurin ajiye mota daidai ƙofar gida, abin da sai a shekara ba a samu ba. Na rage gudu, na sa sigina. Yana ta barcinsa. Na kashe siginar na wuce.